Amsoshin Wasiƙunku: Ina Gasar Golf ta Greenbrier Ta Shiga?

A fitowar da ta gabata, ina cikin bayani kan Xander Schauffele, ɗan wasan golf na Amurka da ya ɗauki manyan kofuna biyu a 2024, na ambata cewa kofinsa na farko ya ɗauke shi ne a wata gasa da yanzu an daina yin ta. Wannan 'yar magana ita ta jawo wasiƙun da suka cika filinmu na wannan watan. Na haɗa waɗanda suka yi kama da juna, na kuma taƙaita masu tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wace gasa ce wannan da ka ce an daina? A ina ake yin ta, kuma wa ya kafa ta? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Sunanta Greenbrier Classic, kuma tana cikin jerin gasannin PGA Tour, wato babban rukunin ƙwararrun 'yan golf na Amurka. An fara ta a 2010, aka yi ta ƙarshe a 2019. Sau 9 aka buga ta, domin akwai shekara ɗaya da ambaliya ta hana, zan zo kan wannan a ƙasa.

Garin da ake yin ta shi ne White Sulphur Springs, a jihar West Virginia, cikin tsaunukan Allegheny. Ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai dubu 3 ba, kuma kusan kowane gida yana da wanda ke cin abinci a wani katafaren otal mai suna The Greenbrier. Asalin wurin maɓuɓɓugar ruwa ce mai warin kibiritu. Tun 1778 mutane ke zuwa sha da wanka a cikinta don neman sauƙin ciwon gaɓɓai, daga baya masu hali suka mayar da wurin inda suke gudun zafin bazara. Kamfanin jirgin ƙasa na Chesapeake and Ohio ya sayi wurin a 1910, ya gina otal ɗin da ake gani yanzu a 1913, saboda otal ɗin ya kawo wa jirginsa fasinja, jirgin kuma ya kawo wa otal baƙi. A 1914 aka buɗe filin golf ɗin da ake kira Old White, wanda Charles Blair Macdonald ya tsara, kuma a kansa aka riƙa buga gasar da muke magana.

Otal ɗin ya ga abubuwa. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, a nan aka tsare jami'an jakadancin Jamus da Japan kafin a yi musayarsu, sannan soja suka karɓe shi suka mayar da shi asibiti. A ƙarshen shekarun 1950 gwamnati ta haƙa wata maɓoya a ƙarƙashin wani ɓangare na ginin, wadda aka tanada don 'yan majalisar dokokin ƙasar su fake idan aka yi yaƙin nukiliya. Shekara 30 baƙi suna kwana a kanta ba su sani ba, sai a 1992 jaridar Washington Post ta tona asirin. Yau kuɗi ake biya a shiga kallonta.

Ta fuskar golf ma wurin ba baƙo ba ne. Sam Snead, wanda ya ci gasa 82 a PGA Tour, adadin da Tiger Woods kaɗai ya kamo, ya fara aiki a otal ɗin a 1936 a matsayin ƙwararren ɗan wasan gida, kuma sunansa bai rabu da wurin ba har rasuwarsa a 2002. A ɗaya filin otal ɗin aka yi gasar Ryder Cup ta 1979, wadda ake karawa tsakanin tawagar Amurka da ta Turai, karon farko da aka shigar da 'yan sauran ƙasashen Turai cikin tawagar da a da ta Birtaniya da Ayilan ce kawai. Seve Ballesteros da Antonio Garrido na Sifaniya ne suka buɗe wannan ƙofar, Amurka kuma ta yi nasara da maki 17 da 11. Takwararta ta mata, Solheim Cup, ta zo a 1994.

To, wanda ya kafa gasar fa? Jim Justice, attajirin jihar da ya yi kuɗi da haƙar gawayin kwal da noma. A farkon 2009 otal ɗin ya durƙushe, kamfanin CSX da ya gaje shi ya kai shi kotun masu karayar arziki, aka sallami ɗaruruwan ma'aikata. Justice ya saye shi a kan kusan dala miliyan 20, ya mayar da ma'aikata bakin aiki, ya kuma gina gidan caca a ƙarƙashin ƙasa don jawo baƙi. Na faɗi wannan na ƙarshen ne domin kada mai karatu ya ɗauka da golf kaɗai aka tayar da wurin. A daidai wannan lokacin kamfanin motoci na General Motors shi ma ya karye, ya janye daga gasar Buick Open da ake yi a jihar Michigan tun 1958. Gurbi ya buɗe a jadawalin PGA Tour, Justice ya yi wuf ya karɓe shi. Gasar farko an sa mata ladan dala miliyan 6, zakara ya tafi da miliyan 1 da dubu 80.

Ka riƙe abu ɗaya, Malam, domin za mu dawo kansa. Yawancin gasannin PGA Tour sunan banki ko kamfanin mota ko na inshora suke ɗauka, saboda shi ke biyan kaso mafi tsoka. Wannan kuwa sunan otal ɗin ta ɗauka. Mai masauki shi ne mai ɗaukar nauyi, kuma mai masaukin mutum ɗaya ne.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ni ban iya kallon golf ba, maigidana ne ke kallo. Na ji yana ta maganar wani da ya buga 59 a wannan gasar kamar wani abin al'ajabi. Me ake nufi da 59? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai, 'yata. Maigidanki yana da gaskiya, abin al'ajabi ne.

Filin golf rami 18 ne. Ana fara bugun ƙwallo daga nesa, a bi ta ana bugu har ta faɗa rami, kuma kowane bugu ƙirga shi ake yi. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne gwani. Kowane rami yana da ƙa'idarsa, wato adadin bugun da ake sa ran ƙwararre zai yi: gajere 3, matsakaici 4, dogo 5. Idan aka haɗa na Old White gaba ɗaya, 70 ne. Ƙwararren da ya tashi da 66 ya yi ranar kirki. Mu da muke bugawa da yammacin Asabar don motsa jini, wanda ya sauko ƙasa da 90 har lemo yake saya wa abokai. To ki auna 59.

Wanda ya yi shi Stuart Appleby ne, ɗan Ostireliya, ranar Lahadi 1 ga Agusta 2010, ranar ƙarshe ta gasar farko. Ya wayi gari yana bayan Jeff Overton, wanda ke kan gaba, da bugu 7, tazarar da a al'ada ba a ma sa mai ita cikin lissafi. Shekara 4 rabonsa da kofi. Ya rage bugu ɗaya-ɗaya a ramuka 9, ya rage biyu a rami guda, bai yi asarar ko ɗaya ba. Ramuka ukun ƙarshe duk sai da ya rage a kowanne.

Awa 5 ce tsakaninmu da can a wannan lokaci na shekara, saboda haka dare ya yi nisa a nan Kaduna lokacin da ya iso rami na 18. Muna zaune a ɗakin hutawa na kulob, har mai shara ya jingine tsintsiya ya tsaya a bayanmu. Ramin ƙarshe na Old White gajere ne, mai ƙa'ida 3, abin da ba kasafai ake rufe fili da shi ba. Bugu ɗaya ake yi a tsallake rafi, ga 'yan kallo sun yi wa ramin zobe. Appleby ya sauke ƙwallonsa 'yan taku kaɗan daga ramin. Ya durƙusa ya duba gangaren ƙasa, ya miƙe, ya tura ta a hankali, ta tafi ba ta karkace ba ta faɗa. Sai da ya jira Overton ya gama nasa wasan kafin ya tabbata ya ci, da tazarar bugu ɗaya tak. Shi ne mutum na biyar da ya taɓa buga 59 a tarihin PGA Tour, kuma na farko da ya yi shi a fili mai ƙa'ida 70. Wannan ne kofinsa na 9 a rukunin, shi ne kuma na ƙarshe.

Masu filin ba su ji daɗin yadda aka yi masa kaca-kaca ba. Appleby ya ci gasar da bugu 22 ƙasa da ƙa'ida, sai suka tsawaita ramuka, suka sauya ciyawar da ke kewaye da su. Da shekara ta zagayo, da 10 kacal aka ci. Duk da haka filin bai daina ba da ƙananan alƙaluma ba. Kevin Chappell ya sake buga 59 a kansa a 2019, bayan ya dawo daga tiyatar baya. Tun kafin su duka, Sam Snead ya buga 59 a 1959 a wata gasa ta otal ɗin, yana da shekara kusan 47, da sandunan wancan zamani masu kan itace.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni mai ɗaukar jaka ne a filin golf, ina kuma koyon wasan idan manya sun tashi. Tambayata ita ce, a irin waɗannan gasanni na miliyoyi, ƙaramin ɗan wasa da ba a san shi ba yana taɓa samun rabo, ko kullum manyan ne ke kwashewa? Daga wani matashi a Jos.

AMSA: Ɗana, wasiƙarka ce ta fi daɗe a hannuna, domin amsarta ita ce dalilin da ya sa nake kewar wannan gasa.

A cikin mutum 9 da suka ci ta, 5 ba su taɓa ɗaukar kofin PGA Tour ba kafin ranar: Scott Stallings a 2011, Ted Potter Jr. a 2012, Danny Lee a 2015, Xander Schauffele a 2017, da Joaquín Niemann a 2019. Wannan ba sa'a kawai ba ce. Daga 2012 an riƙa yin gasar a makon 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin Amurka, tsakanin US Open da babbar gasar Birtaniya, biyu daga cikin manyan gasanni huɗu na golf. Da yawa cikin manya hutawa suke yi a wannan makon, ko su wuce Turai su saba da iska da sanyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutum 156 ake ɗauka, har da gurabe 4 da ake fafatawa a kansu ranar Litinin ga waɗanda ba su da gurbi. Wanda ya ci kuwa ba kuɗi kaɗai ya samu ba. Yana samun izinin buga gasannin rukunin na shekara 2 ba tare da fargabar kora ba, ana kuma gayyatarsa gasar Masters, wadda ita ma tana cikin manyan huɗun. Ga wanda yake rayuwa daga mako zuwa mako, wannan ya fi cek ɗin daraja.

Ɗauki Ted Potter Jr. Mai bugu da hagu ne daga jihar Florida, bai yi wasan jami'a ba kamar yawancin takwarorinsa, ya yi shekaru yana yawon ƙananan gasanni inda ɗan wasa ke biyan kuɗin shiga daga aljihunsa. A 2012 yana na 218 a duniya. A wannan shekarar Justice ya samu abin da yake nema, Tiger Woods da Phil Mickelson duka suka zo. Ka san ana tankaɗe da rairaya bayan kwana 2, a sallami kusan rabin 'yan wasa ba ko sisi. To, Woods da Mickelson duka aka sallame su, karon farko da hakan ta same su tare a gasa ɗaya tun da suka zama ƙwararru. Potter kuwa, saura rami 4 a tashi yana baya da bugu 4. Ya rage biyu a rami na 17, ya rage ɗaya a na 18, ya kamo Troy Kelly, wani da shi ma ba a san shi ba, ya doke shi a rami na uku na bugun raba gardama.

Ta 2015 kuwa cikin azumi ta faɗo, bayan an idar da asham na kalli ƙarshenta, kuma har yau idan ina koya wa yaro bugun kusa da rami sai na ba shi labarin Robert Streb. Bayan rami na 9 a ranar ƙarshe, ya wurga sandarsa ta tura ƙwallo wajen jakarsa, kanta ya ɓalle. Dokar lokacin ba ta yarda ya sauya ta ba, tunda ba wajen bugu ta karye ba. Sai ya zaro sandar da ake fitar da ƙwallo daga yashi, mai kwantaccen baki, wadda kai ka fi ni sanin ba don wannan aiki aka ƙera ta ba. Ya riƙa ɗaga ta kaɗan daga ƙasa yana dukan cikin ƙwallon da kaifin bakinta, daidai tsakiya, domin in ya sauka ƙasa kaɗan za ta yi tsalle, in ya hau sama za ta nutse cikin ciyawa. Da wannan sandar ya rage bugu a ramuka 5 cikin 9 da suka rage, har da na 18, ya shiga raba gardama da mutum uku: Danny Lee, David Hearn da Kevin Kisner. Bai ci ba. Lee, haifaffen Koriya ta Kudu da ya tashi a Niyu Zilan, shi ya ɗauka a rami na biyu. Bayan shekara 2 Streb ya sake zuwa na biyu, lokacin da Schauffele ya sauke ƙwallo dab da rami na 18 ya wuce shi da bugu ɗaya. Ina ganin babu wanda filin nan ya riƙe wa bashi kamar Streb.

Akwai kuma wanda labarinsa ya fi kusa da naka. Ángel Cabrera na Ajantina, wanda ya ci a 2014, da ɗaukar jaka ya fara yana yaro a garin Córdoba, a nan ya koyi wasan. Kafin ya zo Greenbrier ya riga ya ci US Open a 2007 da Masters a 2009. Mutumin da ya zo na biyu a bayansa, George McNeill, ya buga 61 a ranar, alhali ya san yayarsa tana kwance rai a hannun Allah, yana gamawa aka sanar da shi ta cika.

Niemann ne ya rufe ƙofa. Ya fara zuwa gasar a 2017 yana ɗan koyo da ba ya karɓar lada, ya dawo a 2019 yana da shekara 20 ya ci da tazarar bugu 6, ya zama ɗan Chile na farko da ya ci gasar PGA Tour. Shi kaɗai ne ma a tarihin gasar da ya shiga ranar ƙarshe yana kan gaba kuma ya ɗauki kofin. Sauran 8 duk daga baya suka taso.

Ba zan ce maka hanyar mai sauƙi ba ce, ɗana, kuma tazarar da ke tsakanin filinku da can ba ta bugu kaɗai ba ce, akwai ta kuɗin jirgi da biza da mai tsaya maka. Amma ka riƙe bugun kusa da rami da muhimmanci. Ba ya bukatar ƙarfi ko sabuwar sanda, kuma a nan ake cin kuɗi.

TAMBAYA: Malam, mu a Najeriya an taɓa yin gasar ƙwararru da Turawa ke zuwa? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: An yi, Alhaji. Nigerian Open, wadda aka fi yi a filin Ikoyi da ke Legas, tana cikin zagayen da ake kira Safari, wanda ƙwararrun Birtaniya ke bi ta Kenya da Zambiya da Kwaddibuwa lokacin da sanyi ya rufe filayensu. Sandy Lyle ya ci ta a 1978 kafin ya zama zakaran Masters, Vijay Singh na Fiji ya ci a 1988 da 1989. A 1981 Peter Tupling ya gama kwana 4 da bugu 255, a zamanin da kewayen ramukan yashi ne da aka cakuɗa da mai, irin wanda tsofaffin 'yan wasanmu na Arewa suka saba da shi. Wannan batu ya cancanci fili nasa, zan ware masa wata fitowar in Allah ya yarda.

TAMBAYA: Malam, wani abokina ya ce ambaliyar ruwa ce ta kashe gasar. Haka ne? In ba haka ba, me ya kashe ta, tunda ga kuɗi ga suna? Daga wani mai karatu a Zangon Kumasi.

AMSA: Ɗan'uwa, abokinka ya kama wani ɓangare na gaskiya, amma ambaliya ba ita ta kashe ta ba.

Ranar 23 ga Yuni 2016, saura mako 2 a fara gasar, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a kudancin West Virginia. Rafin Howard's Creek, wanda ya ratsa garin ya kuma ratsa filin Old White, ya yi toroƙo ya haura. Mutum 23 suka rasu a jihar, akasarinsu a gundumar Greenbrier. Wanda ya bi labarai a lokacin zai tuna hoton wani gida yana ci da wuta ruwa kuma yana tafiya da shi, a wannan garin ne. An riga an kafa rumfunan 'yan kallo, ruwa ya bi ta kansu, ya bar laka da duwatsu da tarkacen gidajen mutane a kan ciyawa. Cikin kwana 2 aka sanar da soke gasar. Otal ɗin ya buɗe ɗakunansa kyauta ga ɗaruruwan waɗanda suka rasa matsuguni, kuma wannan abin a yaba wa Justice ne ko da mutum yana da ja a kan sauran al'amuransa. An sake gina filin cikin shekara guda, gasar ta dawo a Yulin 2017, aka kuma yi ta sau 3 bayan ambaliyar.

Abin da ya ci ta, a ganina, abu biyu ne da suka haɗu.

Na farko shi ne yadda aka gina ta tun asali. Justice ya tafiyar da ita kamar bikin gidansa. Da dare ana kai 'yan kallo dandalin baje kolin jihar da ke kusa da Lewisburg, a kawo manyan mawaƙan ƙasar, tikitin golf ɗin kuma shi ne na shiga. Ya yi alkawarin duk ɗan wasan da ya jefa ƙwallo a rami na 18 da bugu ɗaya, kowane ɗan kallo da ke zaune a rumfar zai samu dala 100, in an sake 500, in an yi na uku 1,000. A ranar farko ta gasar 2015 McNeill ya jefa da safe, Justin Thomas ya jefa daga baya, aka ga Justice, dogo ƙaƙƙarfa, yana bin layi da damin kuɗi a hannu yana miƙa wa mutane. Abin da aka raba ya haura dala dubu 190. Da aka je karɓar kuɗin daga masu inshora suka ƙi biya, domin yarjejeniyar ta ce nisan ramin kada ya gaza yadi 170, a ranar kuwa 137 ne. Aka je kotu, kotu ta ba masu inshora gaskiya. Irin wannan kyauta tana da daɗin kallo, ta kuma sa mutanen jihar da aka saba yi wa kallon talakawan tsauni suka ji ana yi da su. Amma duk daga aljihu ɗaya take fita, kuma garin ba shi da manyan kamfanonin da za su sayi rumfunan alfarma kamar yadda ake yi a gasannin manyan birane. Hankalin mai aljihun ma ya rabu. Ya ci zaɓen gwamnan jihar a 2016 a jam'iyyar Democrat, ya koma Republican a 2017, ya bar harkar otal a hannun iyalinsa. A 2024 ya ci kujerar sanata.

Na biyu shi ne kalanda, kuma wannan ne ya yanke mata jijiya. A 2018 aka sauya mata suna zuwa A Military Tribute at The Greenbrier don girmama sojoji. A 2019 PGA Tour ya sake fasalin jadawalinsa domin ya gama kakarsa kafin a fara kakar ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga, wadda ke janye duk masu kallon talabijin. Sai aka ɗauke Greenbrier daga makon 4 ga Yuli aka kai ta tsakiyar Satumba, ta zama gasar buɗe sabuwar kaka. A takarda kamar ƙarin girma ne. A zahiri kuwa, garin shaƙatawa da hutu yake rayuwa. A Yuli yara suna gida, iyali sukan ɗauki mota su yi tafiyar awa 3 ko 4 su kwana biyu a tsauni. A Satumba an koma makaranta, Asabar ta ƙwallon jami'o'i ce, Lahadi ta ƙwallon ƙwararru. Manyan 'yan golf kuma sun gama kaka sun gaji. Wanda ya kalli nasarar Niemann ya ga yadda gefen igiyar da ke tare 'yan kallo ya yi fayau, in aka kwatanta da cincirindon da ya bi Woods a 2012.

A watan Afrilun 2020, ana tsakiyar annobar korona, aka sanar cewa ba za a yi gasar shekarar ba, kuma ɓangarorin biyu sun amince su warware yarjejeniyar da ya kamata ta kai 2026. Masu otal ɗin da kansu sun ce komawa Satumba ta rage 'yan kallo da sha'awar masu tallafi ƙwarai. Korona ta ba da lokacin sanarwa ne kawai. Ni dai ina ganin PGA Tour bai kyauta wa garin ba. Mutanen da suka kwashe laka daga filin nan suka mayar da shi cikin shekara guda sun cancanci a bar musu makonsu.

Filin yana nan, baƙon otal yana iya biya ya buga. Ƙwararru ma sun koma a 2023 da 2024, amma a ƙarƙashin LIV Golf, rukunin da asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ke ɗaukar nauyinsa. A Agustan 2023 Bryson DeChambeau ya buga 58 a ranar ƙarshe a kan Old White, a 2024 kuma Brooks Koepka ya doke Jon Rahm a bugun raba gardama. Wasa ne mai kyau, na kalla, har Niemann da Danny Lee suna ciki. Sai dai 'yan wasa 48 ne a 2023, 54 a 2024, kusan dukkansu da kwantiraginsu a hannu tun kafin su sauka daga jirgi. Ba a sallamar kowa bayan kwana 2, babu kuma gurbin ranar Litinin da na 218 a duniya zai nema.